Addu'a da Jira: Daga Ikko zuwa Galmi

A ƙarni na 19 wani ra'ayi ya yaɗu a tsakanin Kiristocin Furotesta na Ingila da Amurka, cewa bai kamata mai aikin Allah ya roƙi mutane kuɗi ba. Sai dai ya kai kukansa ga Ubangiji cikin addu'a, ya kuma sa ran amsa. Wanda ya fi shahara da wannan shi ne George Müller, da ya riƙe marayu fiye da 10,000 a birnin Bristol kafin rasuwarsa a 1898. Bai roƙa ba, amma yakan buga rahoton aikinsa kowace shekara, masu hannu da shuni kuwa suna karantawa.

Da irin wannan bangaskiya ne samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Ikko a watan Disamba na 1893, ba tare da wata babbar ikilisiya ta ɗaure musu gindi ba. Nufinsu su kai bishara ƙasashen da Turawa ke kira Sudan, har da ƙasar Hausa. Cikin 1894 ciwo ya kashe biyu: Kent a Bida, Gowans a Girku, kusa da Zariya. Bingham ya koma Kanada. Ya sake gwadawa a 1900, zazzaɓi ya sake kora shi.

To, ina amsar addu'ar? A nan ne fahimtarsu ke da wuyar ganewa ga na waje. A wurinsu jinkiri ma amsa ne, mutuwa kuma iri ce da aka shuka. Mai shakka zai ce addu'ar da aka fassara haka ba ta da yadda za ta faɗi ƙasa banza. Amma da wuya a musa cewa wannan fassara ce ta hana aikin mutuwa tare da masu shi.

A 1902 ƙungiyar, wadda aka sani daga baya da sunan SIM, ta kafa zangonta na farko a Patigi, bakin kogin Kwara. Ƴan mishan sun ɗauki wannan a matsayin cikar alkawari. Mai nazarin tarihi kuwa ba zai manta ba cewa sojojin Lugard sun ci Bida a 1901, sun kuma shiga Kano a 1903.

Sun iso Damagaram a 1924, sannan Tsibiri, ƙarƙashin Faransawan da ba su saki jiki da masu jin Ingilishi ba. Sun yi addu'ar samun ɗimbin mabiya. Waɗanda suka karɓi addinin ba su da yawa. Abin da ya kafu sosai shi ne asibitin Galmi, da aka buɗe a 1950, da gidan jinyar kutare na Danja, kusa da Maraɗi, inda galibin masu neman magani Musulmi ne. Bingham bai ga ko ɗaya ba, domin ya rasu tun a 1942.