Shamuwa da Fara a Kwarin Tarka: Nazarin Lokacin Sheƙa a Bakin Iyakar Noma

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin binciken da aka wallafa kan shamuwa (Ciconia abdimii) a Nijar, ta auna shi da yanayin Tarka a Damargu. Ta nuna cewa gajartar damina a yankin ta ɗaure renon 'ya'yan shamuwa ga 'yan makonnin da fara ke yawa. Saboda haka lokacin feshi da irin maganin da aka fesa na iya shafar yawan tsuntsun.

Gabatarwa

Shamuwa tsuntsuwa ce mai ƙaura a cikin Afirka. Tana isowa ƙasar Hausa gab da faɗuwar ruwa, ta yi sheƙa a manyan itatuwan gari, wani lokaci a kan rufin ɗaki. Manoma na ɗaukar zuwanta alamar damina, shi ya sa ba a cika taɓa ta ba. Lichtenstein ne ya ba ta sunanta na kimiyya a 1823. A shekarun 2000 masana daga Denmark, da haɗin gwiwar cibiyar AGRHYMET ta Yamai, suka yi mata bincike mai zurfi a Nijar.

Yankin nazari

Tarka na cikin gundumar Belbeji, wadda aka cire daga Tanut a 2011, a jihar Damagaram. Kwarin Tarka ya miƙe yamma ta ƙasar Dakoro, kusa da iyakar da dokar 1961 ta shata tsakanin gonaki da makiyaya. A yawancin shekaru ruwan Damargu da ƙyar yake wuce milimita 300, kuma mafi yawansa na sauka ne daga Yuli zuwa Satumba.

Abin da bincike ya nuna

Jensen da abokan aikinsa (2006) sun ɗaura wa shamuwoyi na'urar da tauraron ɗan'adam ke bi. Tsuntsayen sun bar Nijar bayan damina suka sauka Tanzaniya, ɗaya ma ta zarce Zimbabuwe. Wato damina suke bi daga wannan ɓangare na nahiyar zuwa wancan. Christensen da abokansa (2008) sun ƙidaya sheƙuna a garuruwa, sun kuma bi yawon kiwon iyaye. A shekarar ce Petersen da abokansa suka bayyana yadda garkunan shamuwa ke taruwa kan farar Oedaleus senegalensis a kudu maso gabashin ƙasar.

Wannan fara ita ce babbar mai ɓarnar gero a Sahel. Ƙwanta na kwana cikin ƙasa duk rani, ya ƙyanƙyashe da ruwan farko. Manyan na bin damina arewa, su juyo kudu daidai lokacin da gero ke ƙosawa.

Tattaunawa

Shamuwa kan saka ƙwai 2 zuwa 3, ta kwanta a kansu kimanin kwana 30. 'Ya'yan kuma sai sun yi kwana 50 zuwa 60 kafin su tashi. Jimilla kusan wata uku ke nan, ban da ginin sheƙa, alhali daminar Tarka kanta ba ta cika wuce haka ba. Ke nan dole ta saka ƙwai tun ruwa bai zauna ba, domin ƙyanƙyasa ta zo daidai da fitowar fara. Idan ruwa ya makara ko ya yanke a tsakiya, 'ya'yan ne ke fara jin yunwa. A kudu, inda damina ta fi tsawo, akwai sararin sake gwadawa. A Tarka sararin kaɗan ne.

Nan batun feshi ya shigo. Mullié da Keith (1993) sun gano a Senegal cewa tsuntsaye sun ragu a filayen da aka fesa wa magungunan fenitrothion da chlorpyrifos, galibi saboda abincinsu ya ragu. Shi kuwa maganin Green Muscle, wanda shirin LUBILOSA ya samar daga ƙwayar Metarhizium aka kuma gwada a Maine-Sorowa, fara kaɗai yake kamawa, kuma a hankali yake kashe ta, don haka tsuntsaye na ci gaba da kiwo a filin.

Kammalawa

Maƙalar na ba da shawarar ƙidayar sheƙuna kowace shekara a zaɓaɓɓun garuruwan Tarka, sau biyu: lokacin kwanci da gab da tashin 'ya'ya. A haɗa da ranar isowar shamuwa, ranar ruwan shuka da ranakun feshi. Manoma da malaman gona na iya ɗaukar wannan aiki, tunda sheƙunan a cikin gari suke. Idan feshi ya zama dole a watan Agusta, a fifita maganin Metarhizium a filayen da ke kewaye da garuruwan da shamuwa ke reno.