Kisra, Kan'ana da Masar: Shaidar Baki, ta Harshe da ta Jini game da Asalin Mutanen Ƙasar Yauri

1. Gabatarwa

Da wuya a sami wata al'umma a Sudan ta Tsakiya wadda, in an tambayi dattawanta inda kakanninsu suka fito, ba za su nuna gabas ba. Daurawa suna da Bayajida na Bagadaza, Barebari suna da Saifu ɗan Zi Yazan na Yamal, Gobirawa kuwa suna danganta kansu da Kibɗawan Masar. A 'yan shekarun nan wani sabon abu ya shigo cikin wannan zance, watau gwajin ƙwayoyin gado, wanda wasu kamfanoni na Turai da Amurka ke yi wa mutum daga yawunsa, har wasu suna zaton da shi za a tabbatar wa Bayauri ko Bagunge cewa shi jikan Fir'auna ne, ko na Kan'aniyawa, ko na Finiƙiyawa. Tun da ɗalibai sun fara kai wa malamansu wannan tambaya a aji, ya kamata a dube ta a natse. Nufin wannan takarda shi ne a jera shaidu uku, na baki da na harshe da na jini, a kan mutanen Yauri da Ngaski da Shanga da sauran gaɓar tafkin Kainji, a ga abin da kowace za ta iya ɗauka, da abin da ya fi ƙarfinta.

2. Shaidar baki da ta littattafai

Labaru biyu ne suka haɗa wannan yanki na kogin Kwara da gabas. Na farko yana cikin Infaƙul Maisuri, wanda Muhammadu Bello ya rubuta a 1812. A nan ya kawo abin da ake faɗi cewa Yarabawa ragowar Banu Kan'ana ne, dangin Lamarudu, waɗanda Ya'arubu ɗan Ƙahɗanu ya kora, suka yi ta tafiya yamma suna barin wani sashe nasu a kowane zango, har ana cewa mazaunan duwatsu na ƙasashen Sudan da mutanen Yauri daga cikinsu suke. Clapperton ya sami wani yanki na littafin a Sakkwato a 1824, aka buga fassararsa a Ingila a 1826, daga nan zancen ya shiga littattafan Turawa. Abin lura shi ne Bello ya kawo wannan magana ne a matsayin ruwayar da ta iso masa, kuma ya bi hanyar malaman nasaba na Larabawa, waɗanda sukan nema wa kowace al'umma gurbi a cikin zuriyar 'ya'yan Annabi Nuhu, alaihis salam.

Na biyu shi ne labarin Kisra, wanda ya fi ƙarfi a Bargu, ƙetaren kogi daga Yauri, ana kuma jin sa a Karishin wajen Acifawa. Ruwayoyin sun sha bamban, amma gundarinsu ɗaya ne: wani sarki na gabas ya ƙi karɓar Musulunci a zamanin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi ƙaura yamma da jama'arsa, sa'an nan 'ya'yansa uku, Woru da Sabi da Biyo, suka kafa Busa da Nikki da Illo. Kisra dai laƙabi ne da Larabawa ke kiran sarakunan Farisa da shi. Wanda ya yi zamani da Manzon Allah ya yi mulki daga 590 zuwa 628, rundunarsa ta ci Masar a wajen 619, ɗansa kuma ya sa aka kashe shi a Mada'in a 628. Ƙafarsa ba ta taɓa taka gaɓar Kwara ba.

To, amma ba don haka za a zubar da labarin ba. Woru da Sabi da Biyo sunaye ne da mutanen Bargu ke sa wa ɗan fari da na biyu da na uku har gobe. Ashe ke nan abin da labarin ke tsarawa shi ne wane gari ne wa, wane ne ƙane, tsakanin masarautu uku masu gidan sarauta ɗaya. Ƙin musuluntar Kisra kuwa hujja ce ta sarakunan da suka zauna ƙarnoni da fataken Wangarawa Musulmi a garuruwansu, suna riƙe da addinin gargajiya, suna kuma so a san cewa girman gidansu ya kai tsufan na maƙwabtansu. Wanda ya karanta labarin ta wannan fuska zai sami tarihi na gaske a ciki, tarihin siyasar Bargu da dangantakarta da Musulunci.

3. Abin da Turawa suka ɗora

Da Turawa suka zo, sai suka ɗauki waɗannan ruwayoyi suka ɗora musu wani kaya. Frobenius, Bajamushe, wanda ya yi yawo a Nijeriya tsakanin 1910 da 1912, ya haɗa labarin Kisra da cin Masar da Farisawa suka yi, ya ce ragowar rundunar ce ta gangaro yamma. H. R. Palmer ya cika littattafansa, musamman Sudanese Memoirs na 1928, da kwatanta sunaye: duk inda ya ga sunan gari ko na ƙabila ya yi kama da wani na tsohuwar Masar ko na Asiya, sai ya ƙulla zumunci. A 1930 C. G. Seligman ya buga Races of Africa, inda ya yi da'awar cewa duk wata wayewa da aka gani a Afirka wasu fararen makiyaya ne, da ya kira Hamawa, suka kawo ta. Wannan ra'ayi ya yi wa mulkin mallaka daɗi, gama yana nuna baƙar fata bai taɓa kafa sarauta ba sai da baƙo. Har a zamaninmu Dierk Lange ya farfaɗo da wani reshe na wannan tunani, ya buga maƙala a 2009 yana cewa sarakunan farko na jerin sarautar Kabi sarakunan Assuriya da Babila ne. Hujjarsa mafi yawa ita ma kamannin sunaye ce. Hausawa kuwa sun riga sun ce kama da wane ba ta wane.

4. Shaidar harshe

Ilmin kwatanta harsuna yana da ƙa'ida: ba a ƙulla dangantaka da kalma ɗaya ko biyu masu kama, sai an ga daidaito mai bin tsari cikin kalmomin yau da kullum da kuma ginin nahawu. Bisa wannan ƙa'ida J. H. Greenberg, a rabon harsunan Afirka da ya kammala a 1963, ya rushe rukunin Hamawa, ya sa Hausa da 'yan'uwanta na Cadi cikin babban gida ɗaya da harshen Masar ta dā, da na Buzaye da danginsa, da Larabci da Ibrananci da Finiƙanci. Shaidar a fili take. Kalmar "mutu" tana da tushe ɗaya da ta Larabci da ta Ibrananci da ta Masar ta dā. "Huɗu" da "ƙashi" suna da takwarori a harshen Fir'aunoni. "Ka" ta "gidanka" ita ce ta "baituka". Harafin "t" alamar mace ne a duk gidan. "Ma" ta "mabuɗi" ita ce ta "miftahu".

Sai dai a kula da abu biyu. Na ɗaya, wannan dangantaka ta 'yan'uwantaka ce: Hausa da Finiƙanci sun fito daga kaka ɗaya da aka daina magana da shi dubban shekaru kafin a gina dalar farko a Masar, ba kuwa ɗayansu ne ya haifi ɗaya ba. Na biyu, kuma shi ya fi shafar batunmu, harsunan asali na ƙasar Yauri ba sa cikin wannan gida ko kaɗan. Gunganci, wanda masu shi ke kira Tsureshe, da Kambarci na ƙasar Ngaski, da harsunan Lopawa da Larawa na bakin tafki, suna cikin rukunin da masana suka laƙaba wa sunan Kainji, reshe na babban gidan Neja-Kongo. Shanganci kuwa ɗan'uwan Kengganci ne da Busanci, watau harsunan Mande, dangin na Wangarawa na can yamma. Saboda haka in za a bi harshe, Bashange yamma zai duba, Bagunge kuwa ya duba nan kusa da shi.

Hausa ta shigo daga baya. Marigayi Mahdi Adamu, ɗan Ngaski, wanda ya rubuta kundin digirinsa na biyu a kan Yauri a Zariya a 1968, ya nuna yadda Hausawa, akasari fatake daga wajen Katsina, suka karɓi mulki a Bin Yauri da Maginga tun wajen ƙarni na 15. Daga nan harshen fada da kasuwa ya yi ta cin na ƙauye, har yau mafi yawan Shangawa da Gungawa da dama Hausa ce harshensu na farko. Wannan babban darasi ne: mutum yakan sake harshe cikin tsara biyu ko uku, jininsa yana nan yadda yake.

5. Shaidar jini

Abin da aka fi kafa hujja da shi wajen haɗa Hausawa da gabas wata alama ce a zaren gado da ɗa namiji ke karɓa daga ubansa, wadda masana ke kira R1b-V88. Cruciani da abokan aikinsa sun nuna a 2010 cewa tana da yawa a cikin masu harsunan Cadi, har ta wuce kashi 90 cikin 100 a wata ƙaramar al'umma ta duwatsun Mandara a arewacin Kamaru, ana kuma samun ta a wani kaso na Hausawa. Asalin zuriyar daga wajen Afirka yake. Amma mafi tsufan ƙasusuwan da aka same ta a jikinsu na Turai ne, kuma lissafi ya nuna ta shigo tsakiyar Afirka fiye da shekara 5,000 da suka wuce, lokacin da Sahara take da ciyawa da tafkuna. Tsakanin wannan da Kisra akwai dubban shekaru.

Su kansu mutanen dā an fara karanta ƙwayoyin gadonsu. A 2017 Haber da jama'arsa sun auna mutum biyar da aka binne a Saida wajen shekara 3,700 da suka wuce, suka ga fiye da kashi 90 cikin 100 na gadon mutanen Labanan na yanzu daga irin waɗannan Kan'aniyawa yake. Watau magadan Kan'ana suna nan inda aka bar su. A shekarar kuma aka buga sakamakon gawarwakin Abusir el-Meleq a Masar, wanda ya nuna sun fi kusa da mutanen Sham da Anadolu na dā, kuma gado daga kudancin Sahara ya fi yawa a Masarawan yau bisa ga nasu. Mafi ban mamaki shi ne binciken Ringbauer da abokansa na 2025 a kan mutane wajen 200 daga maƙabartun Finiƙiyawa da na Kartaj: mazaunan garuruwan yammacin Bahar Rum, masu magana da Finiƙanci, masu bauta wa gumakan Finiƙiya, jinin Sham kaɗan ne ƙwarai a jikinsu, mafi yawa daga Sisili da ƙasar Girka da Afirka ta Arewa yake. In Bakartaje kansa ya gaji harshe da addini ba tare da jini ba, ina ga Bayauri da ke neman jinin a gaɓar Kwara?

Akwai kuma lissafi mai sauƙi da kowane malami zai iya yi a allo. Mutum yana da iyaye 2, kakanni 4, iyayen kakanni 8. In aka koma tsara 30, wajen shekara 900, gurabun sun haura miliyan dubu, fiye da dukan mutanen duniya na lokacin, abin da ke nuna kakannin kowa sun sarƙe da na kowa. Sa'an nan bayan tsara goma ko fiye, da yawa daga cikin kakannin mutum ba su bar masa ko ɗigo a ƙwayoyinsa ba. Ko da a ce wani baƙo daga gabas ya sauka Busa ya yi aure a ƙarni na 7, gwajin yawu ba zai iya tabbatar da shi ba, ba zai kuma iya kore shi ba. Abin da kamfani ke ba mai saye kwatanci ne da samfuran da yake da su, na Afirka ta Yamma ta dā kuwa kaɗan ne, domin zafi da laima suna lalata ƙwayoyin gado a ƙashi. Mafi shahara su ne yara huɗu na Shum Laka a Kamaru da aka buga a 2020.

6. Abin da ƙasa ta nuna, da kammalawa

Kafin a rufe madatsar Kainji a 1968, ruwa ya cinye tsohuwar Busa da tsibirai masu yawa, a ta da mutum wajen 44,000, an yi gaggawar tona wasu tuddai na gaɓar kogi. A kusa da Yelwa aka sami ƙarfe da tukwane da mutum-mutumin yumɓu na ƙarnonin farko na Miladiyya. Ke nan kafin a haifi Kisra akwai mutane zaune a nan, masu aiki da ƙarfe, masu gini da yumɓu.

In aka haɗa shaidun, abin da ya fito shi ne mutanen ƙasar Yauri tsofaffin mazauna ne waɗanda kogi da fatauci suka yi ta kawo musu baƙi daga yamma da arewa, suna auratayya, suna sake harshe. Shawararmu ga malaman kwalejojin horon malamai ita ce su koyar da labarin Kisra da na Kan'ana a matsayin ruwaya, su tambayi ɗalibai wa ya faɗe ta, a wane zamani, don wane amfani. Aikin da ya fi gaggawa kuwa yana ƙauyukan Shanga da na Gungawa, inda tsofaffi masu jin harshen asali suke ƙarewa. Kalmominsu na su da noma da sarauta, da sunayen tsibiran da ruwa ya rufe, su ne shaidar da za ta faɗa mana wa ya riga wa zuwa, kuma ɗalibi mai littafi da alƙalami ya isa ya tara su a hutu guda. Allah shi ne mafi sani.