Waiwaye a Kan Firinoloji, Ilimin Duban Ƙoƙon Kai

A wannan sashe za mu waiwayi tarihin firinoloji, wato da'awar cewa ana iya gane halin mutum ta hanyar shafa tudu da kwarin ƙoƙon kansa. Abin da ya ja hankalinmu shi ne, a cikin aji wannan tunani ya tsiro. Franz Joseph Gall, likita Bajamushe da aka haifa a 1758, ya ce tun yana ɗalibi ya lura cewa abokan karatunsa masu saurin hadda idanunsu a firfito suke. A kan wannan ya gina ra'insa: ƙwaƙwalwa ta kasu sassa 27, kowane da ɗabi'ar da yake ɗauke da ita, kuma sashen da ya ƙasaita yakan turo ƙashi waje har yatsa ya ji shi.

Ya fara karantar da haka a birnin Viyana a 1796. Da hukuma ta hana laccocinsa bisa zargin saɓa wa addini, sai ya bar garin a 1805 tare da almajirinsa Spurzheim, wanda daga baya ya kai ra'in Birtaniya. A 1820 George Combe ya kafa ƙungiyar firinoloji a Edinbara. A Amurka kuwa abin ya zama sana'a: a shagon 'yan'uwa Fowler da ke New York, masu neman aiki da masu neman aure sukan biya kuɗi a shafa kawunansu, a rubuta musu takardar hali. Mafi muni, an yi amfani da awon kai wajen fifita wani jinsi a kan wani, har masu kare bautar da baƙar fata suka riƙe shi hujja.

A ganinmu, matsalar Gall tana cikin hanyar bincikensa. Ya zaga gidajen yari da gidajen mahaukata yana tattara kawunan da suka dace da zatonsa, wanda bai dace ba kuwa sai a nema masa uzuri. Bai ƙirga masu firfitattun idanu da ba su iya hadda ba. Malamin da ya yanke wa yaro hukuncin daƙiƙanci tun makon farko, sannan ya riƙa tuna kurakuransa kawai, wannan turbar ya bi, ko da bai taɓa jin sunan Gall ba.

Duk da haka, bai yi kuskure gaba ɗaya ba. A 1861 Paul Broca ya nuna cewa lahani a wani yanki na gefen hagu na ƙwaƙwalwa yana hana furuci, wato lallai sassan sun raba aiki. Sai dai ƙashi ba ya bayyana abin da ke ƙarƙashinsa. Tun a 1824 Flourens ya gwada a kan dabbobi cewa ƙaramar ƙwaƙwalwar ƙeya, wadda Gall ya ba sha'awa, daidaita motsin jiki take yi. Ƙungiyar firinoloji ta Birtaniya ta ci gaba da zama har 1967. A 2018 masana a Jami'ar Oxford suka auna hotunan MRI na kawunan mutum kusan 6,000, suka gwama su da bayanan rayuwarsu, ba su sami alaƙar da Gall ya yi da'awa ba.