Kunkuru da Da'ira: Littafin Hoton Yara da Zangon Lome

Yaro yakan san kunkuru tun bai san da'ira ba. Kafin ya iya riƙe fensir ya riga ya gane cewa bayan kunkuru a kewaye yake, kunnen kyanwa kuwa mai tsini ne. Daga nan malamai suka sami dabarar koya wa ƙananan yara siffofi, wato da'ira da murabba'i da alwatika, ta wurin hotunan dabbobi. Wannan dabara tana da tarihi, mutanen ikilisiya kuma suna cikin waɗanda suka share mata hanya. Bari mu bi sawunta daga Turai har zuwa Lome ta ƙasar Togo, mu ga yadda ta kasance da 'ya'yan Hausawan Zango.

A shekara ta 1658 aka buga wani littafi a birnin Nuremba na ƙasar Jamus, sunansa Orbis Pictus, wato duniya cikin hotuna. Wanda ya rubuta shi, Yohanna Amos Komeniyus, bishop ne na Ikilisiyar 'Yan'uwa ta Morabiya. Ya gaskata cewa gani ya kori ji, saboda haka ya fara koyar da baƙaƙe da hotunan hankaka da tunkiya da kyanwa da kare, kowane harafi da kukan da ya dace da shi. Ana lissafta littafin nan cikin na farko da aka yi wa yara da hotuna.

Sashen siffofi kuwa, Firidirik Furobel ne ya ƙarfafa shi. Shi ɗan wani fasto ne Bajamushe. A shekara ta 1840 ya sa wa makarantarsa ta ƙananan yara suna Kindergarten, ma'ana lambun yara. Yakan fara ba yaro ƙwallon zare mai taushi, sa'an nan ƙwallon katako, da dunƙulen katako mai fuska shida, da wani mai kama da ganga. A ganinsa, yaron da ya taɓa waɗannan da hannunsa ya fara gane tsarin da Allah ya sa cikin halittarsa.

Masu bishara ne suka kawo irin wannan koyarwa bakin tekun Afirka ta Yamma. Mishan ta Biremen ta fara aiki cikin kabilar Ewe a 1847. A 1889 waɗansu mata masu hidima daga Hambag suka sauka a Keta, yamma da Lome, garin da yake cikin Gana a yau, suka shiga koyar da 'yan mata da ƙananan yara. 'Yan mishan na Katolika suka iso Lome a 1892, suka gina makarantu, daga baya suka kafa makarantar sana'a mai injin buga littattafai. Amma yawancin wannan aiki da harshen Ewe da Jamusanci aka yi shi.

To, ina Hausawa? Ai suna nan Lome tun kafin ta zama babban birnin Togo a 1897. Fatake ne da suka biyo hanyar goro da gishiri da tufafi har suka kai teku, suka yada zango, sunan ya bi unguwar. Jamusawa ba su rena harshensu ba. Adam Mishlik, wanda ya fara zuwa a matsayin mai bishara na Mishan ta Basel, ya koma ma'aikacin gwamnati a Kete Karaci. A can ya zauna da Imam Umaru, babban malami haifaffen Kano, ya fitar da ƙamus na Hausa a 1906. Sai dai littattafan nan domin Turawa masu koyon Hausa aka yi su. Ƙaramin yaro Bahaushe ba shi aka nufa ba. Jamusawa suka rasa Togo a 1914, Lome ta zauna a hannun Ingila, ta koma hannun Faransa a 1920, Faransanci ya zama harshen makaranta.

Kada mai karatu ya zaci yaron Zango ya tashi ba ya ganin siffofi. Mutanen Zango galibinsu Musulmi ne, yaro yakan fara da makarantar allo. Ran da zai yi sauka akan yi wa allonsa zayyana, zane mai launi cike da murabba'i da alwatika da zobba. Layar da ba-duku ya ɗinka mai kusurwa huɗu ce ko uku. A ƙirjin babbar riga akwai aska takwas, dogayen alwatika masu tsini, ga tambari a kewaye. A cikin gida ga faifai, ga ƙwarya, ga tabarma. Dabbobi kuwa ba sai an nuna masa a takarda ba, gama fataucin shanu da tumaki yana cikin manyan sana'o'in unguwar. Da dare kuma kaka ta kawo masa Gizo da Ƙoƙi da kura da zomo cikin tatsuniya. Siffofi suna hannu ɗaya, dabbobi suna ɗaya hannun. Abin da ya rage shi ne wanda zai haɗa su a shafi guda da harshen yaron.

Bayan 'yancin kai na 1960 ma hanya ba ta buɗe ba. Gyaran ilimi na 1975 ya zaɓi Ewe da Kabiye su zama harsunan ƙasa da za a koyar a makaranta, Hausa ba ta ciki. A 1977 gwamnati ta rushe tsohon Zango na tsakiyar birni, aka mai da mutanensa wajen kilomita 15 arewa da gari. Wanda ke neman inda zai kafa ɗaki, ina ya ga ta littafin hoto?

A waɗansu ƙasashe kuwa an riga an yi haɗin. A Amurka, Ed Emberley ya fitar da littafi a 1970 mai nuna wa yara yadda za su zana dabbobi daga 'yan siffofi kaɗan. A 1989 Lois Ehlert ta fitar da Color Zoo, inda aka huda takarda da siffofi, suka haɗu suka zama fuskar damisa da ɓera da biri. Irinsu da Hausa ba su da yawa har wa yau.

'Yan'uwa, a nan ne tarihin ya juyo kanmu. Littafin Farawa ya nuna mana cewa tun a gonar Aidan aka kawo wa mutum dabbobi ya raɗa musu suna. Yaron da ya raɗa wa abu suna da harshen uwarsa ya mallake shi, in ya shiga aji ya ji sunan da Faransanci ba zai ruɗe ba. Aikin bai fi ƙarfin malamin makarantar Lahadi ko zumuntar mata ba. Kwali da almakashi da alli sun isa: kunkuru ga da'ira, kunnen kyanwa ga alwatika, ƙahon sa ga jinjirin wata, akurkin kaza ga murabba'i. Irin wannan littafi ba ya jawo gardama, maƙwabci Musulmi zai karɓa wa ɗansa da hannu biyu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ubangiji ya tashe masu yin wannan aiki daga cikinmu.