Ciwon sukari a jikin kyanwa

Kyanwa ma tana kamuwa da ciwon sukari, musamman mai ƙiba, kuma akasari ana yi mata allurar insulin sau 2 a rana.

Likitocin dabbobi kan auna sukarin jininta duk bayan sa'o'i 2, har tsawon sa'o'i 12, domin gano lokacin da ya fi sauka. Awo ɗaya ba ya wadatarwa, saboda firgita kaɗai na iya ɗaga shi.

Idan ya sauka fiye da kima, takan yi tangaɗi ko ta sume. Sai a shafa mata zuma a dasashi, a garzaya da ita asibiti.

A unguwanni irin su Runjin Sambo a Sakkwato, inda zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, wajibi ne a adana insulin a wuri mai sanyi, domin zafi na rage masa ƙarfi.