Daga Fatoma zuwa Wayar Salula: Somawar Kasuwancin Intanet a Zangon Kumasi

1.0 Gabatarwa

Idan aka ce kasuwancin intanet, ana nufin saye da sayarwa ta hanyar kwamfuta ko wayar salula, inda mai saye da mai sayarwa ke ƙulla ciniki ba tare da sun haɗu ba. Galibin masu rubuta tarihinsa daga Amurka suke farawa. Wannan takarda za ta dube shi ne daga Zangon Kumasi a ƙasar Ghana, domin babbar matsalar da ya fuskanta a farkonsa, wato yadda mutum zai amince wa wanda bai taɓa gani ba da dukiyarsa, tsohuwar matsala ce a wurin mutanen Zango, kuma sun daɗe da samar mata magani irin nasu. Wannan maganin ne ya tsara abin da suka karɓa daga sabuwar fasahar da abin da suka ƙi.

2.0 Amana a Fataucin Goro

Kamar yadda Lovejoy (1980) ya nuna, a ƙarni na 19 ayarin fatake kan taso daga Kano da Katsina da Sakkwato zuwa Gwanja, su sayi goron ƙasar Asante a kasuwar Salaga. Bayan Turawan Ingila sun ci Asante da yaƙi a 1874, sannan yaƙin basasa ya wargaza Salaga a 1892, fatake sun watsu zuwa Kete-Krachi da Kintampo da wasu garuruwa. Da Turawa suka mamaye Kumasi a 1896, kuma jirgin ƙasa ya iso ta daga Sekondi a 1903, sai Zangon garin ya bunƙasa, aka koma aika goro ta teku zuwa Ikko, daga can a ɗora shi a jirgin ƙasa zuwa Kano. Schildkrout (1978) ta bayyana yadda Mosawa da Yarabawa da sauran baƙi suka zauna a wannan Zango, Hausa ta zama harshen da ya haɗa su.

Goro kaya ne mai saurin lalacewa, kuma mai shi ba koyaushe yake bin sa ba. To, wa zai tsaya masa? A nan ne aikin fatoma, wato maigidan da ke saukar da baƙi, ya fito. Shi ke ba baƙo masauki, ya adana kayansa, ya haɗa shi da dillali, ya ajiye masa kuɗi. Mafi muhimmanci, idan an sayar da kaya bashi, shi ke lamuni: in mai saye ya tsere, fatoma ne zai biya, domin in bai biya ba sunansa ya ɓaci daga nan har Kano, ba kuma baƙon da zai sake sauka gidansa. Cohen (1969) ya yi nazarin irin wannan tsari a Sabon Ibadan, inda ya nuna cewa fataucin nesa na buƙatar abubuwa uku: labarin farashi cikin sauri, da bashi, da amana. Dalibi ya riƙe waɗannan ukun, don za mu sake haɗuwa da su.

3.0 Yadda Aka Faro a Waje

Kamfanin Amazon ya fara sayar da littattafai ta intanet a Yulin 1995, shi kuwa eBay ya buɗe a Satumbar shekarar a matsayin dandalin gwanjo. Ba a yi shekara ba, a 1996, eBay ya ƙirƙiro hanyar da mai saye zai rubuta shaida a kan mai sayarwa, kowa ya gani. A ƙasar Sin, Alibaba (1999) ya kafa Taobao a 2003, sannan ya samar da Alipay, wanda ke riƙe kuɗin mai saye har sai kaya sun isa hannunsa kafin a sakar wa mai sayarwa. In aka duba da kyau, shaidar eBay ita ce sunan kirki da ɗan kasuwa ke tsoron ɓatawa, ajiyar Alipay kuwa aikin fatoma ce aka damƙa wa na'ura.

Sai dai tsarin Amurka ya ginu a kan abubuwa biyu da aka ɗauka kowa na da su: katin banki, da adireshin gida wanda masinjan gidan waya zai iya ganowa. Na tuna lokacin da nake karatu a waje na sayi wani tsohon ƙamus na Hausa ta intanet, bayan kwana huɗu na tarar da shi a bakin ƙofa. Da na so aika irinsa gida, wurin rubuta lambar gida da sunan titi na tsaya cak, domin a unguwarmu da masallaci da bishiyar darbejiya ake kwatance.

4.0 Isowar Fasahar Ghana

Ghana na cikin ƙasashen Afirka ta Yamma na farko da suka sami cikakkiyar hanyar intanet, a 1995, ta hannun kamfanin Network Computer Systems na Dokta Nii Quaynor. Amma intanet ɗin wancan lokaci na jami'o'i ne da ofisoshi, sai kuma shagunan da ake biyan kuɗi a hau kwamfuta na awa ɗaya. Ɗan kasuwar Alabar ko Aboabo ba shi da abin yi a can.

Abin da ya shiga kasuwa da gaske wayar salula ce. Mobitel ya fara aiki a 1992, Spacefon ya biyo baya a 1996, shi ne ya zama Areeba, daga bisani MTN. Overå (2006) ta yi nazarin 'yan kasuwar Ghana, ciki har da masu albasa, ta gano cewa waya ta rage musu tafiye-tafiye, ta kuma ba su damar bin sawun kaya a hanya. A Nijar, inda albasar Galmi ke fitowa, Aker (2010) ta nuna cewa tsakanin 2001 da 2006 waya ta rage bambancin farashin hatsi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Ta haka aka sami na farko cikin abubuwa ukun Cohen, wato labari. A Accra ma, a 2005, an kafa TradeNet, wanda ya koma Esoko a 2009, yana aika wa manoma da 'yan kasuwa farashin amfanin gona ta gajeren saƙon waya.

Amana kuwa a wannan lokacin koma baya ta yi. Zambar intanet ta yi ƙamari a shekarun 2000, har 'yan Ghana suka raɗa mata suna sakawa, kalmar da ake dangantawa da aikatau na Hausa saka, wato sanya abu a ciki. Abin takaici ne ga mai nazarin harshe a ce wannan ce kalmar Hausa da ta fi yin fice a fagen, kuma ta jawo wa matasan zanguna baƙin jinin da yawancinsu ba su ci ba ba su sha ba. Illar ta shafi ƙasar baki ɗaya: a 2014, da PayPal ya buɗe ƙofa ga Nijeriya da Kamaru da Kwaddebuwa, bai sa Ghana a jerin ba.

5.0 Kuɗin Waya da Dandalin Ciniki

Gwamnati ta yi nata ƙoƙarin. A 2008 aka kafa dokar mu'amala ta na'ura, aka kuma fito da katin e-zwich. Amma abin da ya sauya al'amura shi ne tura kuɗi ta waya, wanda MTN ya ƙaddamar a 2009, jama'a suka taƙaita sunansa zuwa momo. Bai karɓu nan take ba. Sai da wakilai suka yawaita, har ya zama kowace unguwa akwai mai rumfa da ake bai wa tsabar kuɗi ya tura. A 2018 aka haɗa kamfanonin ta yadda za a iya tura kuɗi daga wannan layi zuwa wancan. Dalilin karɓuwarsa a Zango, a ganina, shi ne wakilin mutum ne sananne, an san gidansu, in an sami kuskure akwai wanda za a je a tsaya a gabansa.

Dandalin ciniki sun zo a tsakiyar wannan sauyi. Tonaton, wanda sunansa ke nufin saya ka sayar a harshen Twi, ya buɗe a 2013. Jumia, da aka kafa a Ikko a 2012, ya iso Ghana a 2014. Jiji ya sayi harkokin OLX a 2019, ya kuma sayi Tonaton a 2022. A lura da yadda dukkansu suka rusuna wa al'adar kasuwa. A Tonaton talla kawai ake sakawa da lambar waya, sannan a haɗu a Adum ko Kejetia, a juya kayan a hannu, a yi tayi, a ce albarka ko a sallama. Jumia kuwa dole ta sa ya yarda a biya bayan kaya sun iso. Matsalar adireshi ma ba ta gushe ba duk da tsarin GhanaPostGPS na 2017, don har yanzu mai babur kan kira waya ya ce a fito bakin masallaci.

Mafi yawan cinikin Zango bai ma bi ta waɗannan dandali ba. Mai sayar da atamfa ko shadda ko turare takan ɗora hoton kayanta a WhatsApp, wadda ta san ta, ko ta san wadda ta san ta, ta zaɓa, ta tura rabin kuɗi ta momo. Daga nan sai a kai ƙunshin tasha, a rubuta lambar waya a jikinsa, a damƙa wa direban da ke zuwa Tamale ko Bawku. Ba rasit, ba takardar yarjejeniya. In kaya suka ɓata, ba kamfani ake kai wa ƙara ba, shugaban tasha ake nema, in abin ya gagara a je gaban mai unguwa ko liman. Bashi ma haka yake: ba a bai wa lambar waya bashi, sai wanda wani sananne ya ce ya tsaya masa.

Ko da gwamnati ta sa harajin kashi 1.5 cikin ɗari a kan tura kuɗi ta waya a Mayun 2022, 'yan kasuwa da dama sun koma bai wa direba tsabar kuɗi a ambulan, kamar yadda iyayensu suka yi. An rage harajin zuwa kashi 1 a 2023, aka soke shi a Afrilun 2025.