Shin Rediyon Rok Ne Ya Watse Garuruwan Filayen Alkama?

Tun daga rubutun masani Adorno (1941) wani ra'ayi ya kankane nazarin waƙoƙin yayi: wai waƙar da rediyo ke nanatawa hajar masana'anta ce, a ƙira ɗaya ake fitar da ita, kuma duk inda ta sauka sai ta shafe abin da ya bambanta wurin da sauran wurare. Magadan wannan ra'ayi, idan suka waiwayi ƙananan garuruwan shimfiɗaɗɗun filayen alkama na tsakiyar Amurka da Kanada, sukan ce dattawan da ke begen waƙoƙin rok na shekarun 1960 suna begen abin da ya raba su da gida ne ba su sani ba. A ganina an yi gaggawar yanke wannan hukunci.

Tsarin nanata waƙoƙi 40 mafi farin jini a filayen nan aka haife shi. Todd Storz ne ya gwada shi a tashar KOWH ta Omaha, jihar Nebraska, a farkon shekarun 1950, kuma a 1958 ya sayi KOMA ta birnin Oklahoma mai ƙarfin kilowat 50. Abin da masu sukar ba su cika tsayawa a kansa ba shi ne yadda muryar ke isa ƙauye. Sautin matsakaicin zango da rana ba ya nisa, amma idan rana ta faɗi sai ya riƙa karo da saman sararin samaniya yana dawowa ƙasa can nesa. Wanda ya taɓa kama tashar Kaduna tangaram bayan isha daga wani gari mai nisa ya san wannan. Da yawa daga cikin ƙananan tashoshin karkara lasisin rana kawai gare su. Su karanta farashin alkama da na shanu, da sanarwar rasuwa, da hasashen ƙanƙara, magariba na yi su rufe. Daga nan ne yaro a Kansas ko Dakota zai murɗa akwatinsa zuwa 1520, lambar KOMA, ko ya kunna na motar uban a bakin rumbun hatsin gari, sautin yana zuwa yana ɗaukewa. Ke nan rok bai kori muryar gari daga iska ba. Lokacin da ta bari ya cike.

Hujjar Adorno mafi ƙarfi ita ce ta kamanceceniya, kuma ba zan raina ta ba. Gaskiya ne waƙar da aka ji a Nebraska ita aka ji a Niyok. Gaskiya ne binciken majalisar Amurka na 1959 zuwa 1960 ya tona yadda kamfanonin faifai ke ba masu gabatarwa na goro don su saka waƙoƙinsu, wanda ke nuna cewa "farin jini" kansa abin saye ne. Amma daga nan zuwa cewa mai sauraro ya zama fanko, akwai tazarar da ba a cike da shaida ba. Adorno ya nazarci ginin waƙar, sannan ya ɗauka ya san abin da ke faruwa a kunnen mai ji. Abin da aka yi da waƙoƙin a ƙasa ya saɓa wa hakan. KOMA ta riƙa tallata raye-rayen da ƙungiyoyin samarin yankin, irin su Fabulous Flippers na Kansas, ke yi a zaurukan ƙananan garuruwa, matasa kuma su yi tafiyar sa'o'i a mota don halarta. Tashar da ake zargi da ɗauke hankalin yara daga yankinsu ita ce ke gaya masu a wane gari maƙwabci za a haɗu ranar Asabar. A Winnipeg ta Kanada kuwa, yaran da suka tashi da wannan sauraren dare su ne suka kafa ƙungiyar Guess Who, waɗanda waƙarsu "American Woman" ta hau matsayi na ɗaya a Amurka a 1970, kuma a 1972 suka fitar da "Running Back to Saskatoon" mai jero sunayen garuruwan yammacin Kanada. Da wuya a kira wannan shafewar wuri.

Za a ce, to ai matasan sun tafi, garuruwan sun yi kufai. Haka ne, sai dai lissafin ya riga rok. Gonakin Amurka sun kai ƙololuwarsu, kusan miliyan 6.8, a 1935, suka fara raguwa tun kafin a san Elvis Presley. Tarakta da injin girbi ne suka rage hannayen da gona ke buƙata. Ta yiwu waƙar ta sa birni ya yi wa yaro kyau a ido, ban musa ba, amma ba ita ta hana shi aiki a gida ba.

A nan dole in taƙaita iƙirarina. Abin da na kawo ya shafi matsakaicin zango ne daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa tsakiyar 1970, kuma galibi 'ya'yan manoma fararen fata; ba zan shimfiɗa shi kan al'ummomin 'yan asalin ƙasar da ke zaune a filayen ba, domin nasu tarihin rediyo daban ne. Haka kuma Kanada ba ta bar lamarin ga kasuwa ba: daga Janairun 1971 ta tilasta wa tashoshi su ba waƙoƙin gida kashi 30 cikin ɗari, alamar cewa hukuma ma ta ji tsoron da Adorno ya ji. Inda nake ganin maganarsa ta fi zama daidai shi ne bayan dokar sadarwa ta Amurka ta 1996, wadda ta cire iyakar yawan tashoshin da kamfani ɗaya zai mallaka a faɗin ƙasa, har kamfanin Clear Channel ya tara kimanin 1,200. A tashoshi da dama aka koma naɗar muryar mai gabatarwa a wani birni ana aikowa, babu kowa a ɗakin shirye-shiryen garin da zai karanta sanarwar rasuwa.